Sunan da Baba Bai Taɓa Kira Ba

Kafin mu dawo daga maƙabarta rumfar da muka kafa a ƙofar gida ta riga ta cika, har an fara aron bencina daga coci. Mutane sun zo daga Malumfashi da Musawa da Maska, wasu ma daga Kaduna. Abin da na lura da shi tun da safe shi ne duk namijin da ya durƙusa ya ce mini sannu da haƙuri, ba ya tashi sai ya faɗi sunansa.

"Ni ne Albert na gidan kafinta. Baba ne ya raɗa mini."

"Ni ne Bernard. Ba ka gane ni ba? Shi ya sa mini suna."

Ƙarti masu furfura a gemu suna share hawaye da hula. Masu suna Henry kuwa, da wani zai ɗaga murya ya kira ɗaya, rabin bencin ne zai waiwayo. Alhajin da muke haɗa iyakar gona da shi ya zo da jama'arsa daga masallaci, ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri, Malam. Yau garin nan ya rasa mai raɗa suna." Gwaggo, ƙanwar Baba, tana cikin gida tana gaya wa mata cewa ko limamin garin bai sa wa yara suna kamar yadda yayanta ya sa ba.

Ni kuma ina zaune a tsakiya a matsayin ɗan fari, ina amsa gaisuwa, ina cewa mun gode, Ubangiji ya saka. Wanda ya dube ni zai ce baƙin ciki ne ya ɗaure mini fuska. Akwai baƙin cikin, amma abin da ya fi cina a wannan rumfar kishi ne, kuma gara in faɗa tun yanzu. Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan ya ji sunansa a bakin Baba, ya ji ya warware masa ma'anarsa. Ni da ya haifa, sunana William, ban taɓa jin wannan sunan ya fito daga bakinsa ba, ko sau ɗaya.

Na san dalili, kada wani ya zo yana koya mini. Kunyar ɗan fari ce. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na farko, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Baba ya bar abubuwa da yawa na kakanninmu Maguzawa ranar da ya shiga coci, ya bar giya, ya bar yanka a gindin tsamiya, amma wannan kunyar ya tafi da ita har kabari. A bakinsa ni "kai" ne. In yana magana da wani, ni ne "yaron nan". Da na zama malamin firamare a Malumfashi na samu ƙarin girma, na koma "mutumin Malumfashi". Kaina ya fahimta tun ina yaro, zuciyata ce ta ƙi.

Yadda sunayen suka shigo hannunsa, shi da kansa yake ba da labarin, kuma mun ji shi har mun haddace. Yana saurayi wani tsohon Bajamushe ya zo yankin Ƙarfi tare da 'yan mishan yana haƙa rijiyoyi, Baba yana cikin masu jawo ƙasa da guga. In rana ta take suka zauna a inuwa, tsohon yakan tambaye shi ma'anar sunayen ma'aikata. Baba ya gaya masa Nomau an haife shi lokacin noma, Anaruwa ana tsaka da ruwan sama, Tanko ya biyo bayan mata. Sai Baba ya ce, to naku fa? Nan tsohon ya buɗe baki, kuma ashe abin da ya fi so ke nan a duniya bayan rijiya. Shi ne ya koya masa na ƙasarsu, da yadda kowane suna yake sauya kama in ya tsallaka iyaka. A wannan zaman ne kuma Baba ya karɓi bishara, abin da ya sa kakanmu ya kore shi daga gida, ya je ya kafa bukka a bakin gonar da muke ciki yanzu. A wannan bukkar aka haife ni.

Baba yakan ce sunan Jamusawa na gargajiya kamar fartanya yake, ƙota daban, ruwa, wato ƙarfen, daban, sai an haɗa yake aiki. Ya ɗauki fartanya ya nuna mana. Albert, asali da haske. Robert, shahara da haske, wato ruwansu ɗaya da Albert, ƙota ce ta bambanta. Richard, mulki da tauri. Leonard, zaki da tauri. Henry, gida da mulki.

"Wato maigida," in ji shi. "Duk wahalar da Bature ya sha, maigida ya ce."

Bernard ne ya fi ba shi wahala, don rabin sunan wata dabba ce ta ƙasar sanyi da ba mu da ita. Ya ce tsohon ya kwatanta masa ita: ta fi kura girma, tana iya tsayawa da ƙafa biyu, tana son zuma. Wani yaro ya ce, to Baba ai wannan kawunmu ne. Baba ya bi shi da sanda har bakin rijiya, yana dariya.

Abin da ya fi faranta masa rai shi ne yawon da sunayen suka yi. In ya samu masu sauraro a gindin ɗorawa, sai ya fara jerowa yana buga gwiwa. Henry a ƙasarsu ta asali Hainrik ne, ya shiga Faransa ya zama Anri, ya gangara Sifen ya zama Enrike, Italiya ta mai da shi Enriko. Ludwik, shahara da yaƙi, shi ne Luwi, shi ne Luwis, shi ne Luwiji. Ya ce mutum ɗaya ne yake sauya riga a kowace kasuwa. Da gidajen kallon ƙwallo suka shigo, samari suka fara zuwa suna tambayarsa sunayen da suke ji a talabijin, shi da bai taɓa kallon wasa ba sai ya ce, "Rikardo? Ai Richard ne ya sha rana." Nakan tsaya a bayan taron ina jira jerin ya zo kan nawa. In wani ya yi katsalandan ya tambaya, sai Baba ya dubi sama ya ce da alama hadari zai haɗo, ya tashi ya tafi duba shanu.

Ba ya sa suna da ka. In an yi haihuwa aka aiko masa, sai ya je gidan ya zauna, ya sha fura, ya yi hira, yana kallon yadda ake zama. Abin da ya ga gidan ya rasa, shi yake sa wa yaron. Gidan da uban ba ya iya tsawata wa kowa, Richard. Gidan da aka daɗe cikin duhun talauci da rashin lafiya, ɗaya daga cikin masu haske. Saboda haka mutane suna son sunansa suna kuma tsoronsa, don ranar suna ce ake jin hukuncin da ya yanke wa gidanka. Yawan Henry a garinmu bai rasa nasaba da yawan mazan da Baba yake gani ba su riƙe gidajensu ba. Wani ya taɓa roƙonsa ya sa wa ɗansa irin nawa, Baba ya ce, "Wannan an riga an ɗauka," ya ba shi wani. Har ya rasu ni kaɗai ne William a garin.

Na girma na sayi waya, waya ta gaya mini ma'anar sunana: ƙudiri da kwalkwali, hular ƙarfen da mayaƙi yake kare kansa da ita. Na karanta, ban ji komai ba. Abin da nake so in sani waya ba ta da shi. Me ya duba ya ga gidanmu ya rasa, har ya sa mini wannan?

Ya yi rigima sau ɗaya wadda har yanzu ake tunawa. An kawo mana sabon fasto, matashi mai zafin karatu, ya ce daga yau sunan baftisma sai daga Littafi Mai Tsarki, Bitrus da Bulus da Yohanna sun ishe mu, ba ma bukatar sunayen yaƙi da namun daji. Baba ya miƙe a taron dattawa.

"Fasto, kakannin mutanen nan manoma ne, suna shan giya, suna tsafi a gindin itace, kamar namu. Bishara ta same su da sunayensu, ba ta ƙwace musu ba."

Fasto ya ce, "To in haka ne, Baba, me ya sa kai ka ƙwace wa namu Nomau da Tanko?"

Ban taɓa ganin an kayar da Baba a magana ba sai ranar. Ya koma bencin baya ya yi daminar nan gaba ɗaya a can, ba ya ko rera waƙa. Amma maganar ta shige shi, don tun daga nan in ya sa wa yaro suna yakan ƙara masa na gida, irin na kakanni. Da matar fasto ta haifi namiji, faston da ƙafarsa ya zo. Baba ya je gidan ya zauna kamar yadda ya saba, ya sha fura, sannan ya ce Frederick, salama da mulki. "Ko Allah zai sa ya fi ubansa son zaman lafiya." Faston ya yi dariya har da hawaye, kuma shi ne ya yi mana wa'azi ranar jana'iza.

Alherinsa da aka fi ambata a rumfar ta'aziyya shi ne wanda ya fi ci mini rai. Ina ɗan makaranta wani maƙwabcinmu ya rasu ya bar mata da ciki, ita ma ba ta daɗe bayan haihuwa ba. Baba ya ɗauko jaririn ya kawo wa mahaifiyarmu, ya sa masa Godfrey, salamar Allah. Da yake ɗan riƙo ne, babu kunya tsakaninsu. Daga safe zuwa yamma gidanmu Godfrey ne. Godfrey kawo igiya, Godfrey zo ka ci, Godfrey hau bayan keke. Wani lokaci ya kira shi da na Jamusawa, Gotfirid, wani lokaci da na Faransawa, Jofuruwa, yaron yana ƙyalƙyala dariya a kafaɗarsa. Ni kuma ina bakin turke ina ba shanu harawa, ina jin kowane kira kamar an mintsine ni. Godfrey mutumin kirki ne, shi ya riƙe gonar da na tafi aikin koyarwa, bai taɓa yi mini laifi ba. Wannan ma yana cikin abin da yake ba ni haushi, don ko abin zarginsa ban samu ba.

Da na haifi nawa ɗan farin, Baba ya zo Malumfashi ya zauna a ɗakina, ya dube ni da albashina da tsoron shugaban makaranta, ya sa wa yaron suna mai ma'anar mutum ɗa wanda ba bawan kowa ba. Kada ku jira in rubuta sunan. Tsakanin kaka da jika wasa ne, don haka shi ma ya shiga layin masu sa'a. Baba yakan tsaya a ƙofar gida ya ƙwala masa kira da na Jamusawa da na Ingila da na Sifen a jere, kamar yana kiran mutum uku. Na yi kishin ɗan cikina, Allah ya sani.

Akwai wata ɗabi'arsa da muka ɗauka rigimar tsufa ce. Kayan kekensa ba ya saye a Malumfashi, ga ta kusa, sai ya shiga mota ya tafi Funtua. Ya ce na Malumfashi ba su da ƙarko. In an sayar da auduga sai ya tafi, in sarƙa ta tsinke sai ya tafi, wani lokaci ma keken lafiyarsa lau. Ba ya yarda kowa ya raka shi, har Godfrey. Yakan dawo da yamma da ɗan ƙullin abin da bai kai ya cika aljihu ba, fuskarsa a sake.

Ciwon ajalinsa ya fara bayan an cire masara. Da ya ga jiki ya ƙi, ya sa aka tara mu da hantsi a ɗakinsa. Ya kira ƙannena ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, ya faɗi ma'anar, ya sa albarka. Ya kira Godfrey ya daɗe riƙe da hannunsa. Ya kira ɗana, ya yi masa tsiya cewa har yanzu bai kawo mata ba. Ina tsaye kusa da kansa, na ce a raina yau kam babu sauran kunya, mutum yana bakin tafiya. Ya ɗago ido ya dube ni, ya daɗe yana dubana, leɓensa ya motsa.

"Kai," ya ce, "gyara mini matashin nan."

Na gyara masa. Bai ƙara wata doguwar magana ba har ya cika.

Bayan jana'iza na shiga wurin Gwaggo na gaya mata abin da ke raina, don ita kaɗai nake iya gaya wa. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai da furfurarka? So kake ya tsufa ya zubar da mutuncinsa a gaban 'ya'yansa? Ubanmu ma bai taɓa kiran babban yayanmu ba, kuma bai mutu ba don haka. Tashi ka koma wurin baƙi."

Na koma. Ana cikin kwanakin zaman makoki, jama'a sun fara raguwa, sai ga wata tsohuwar mota ta tsaya. Wani dattijo ɗan kabilar Ibo ya fito, da wani magidanci yana riƙe da hannunsa. Ba wanda ya san su. Dattijon ya ce shi mai shagon kayan keke ne a kasuwar Funtua, labari bai same shi da wuri ba. Ya dubi mutanen da ke rumfar ya ce da Hausarsa ta 'yan kasuwa, "Ina William?"

Na ce ga ni. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Kai ne! Baba ya dame ni da kai. William ya ci jarrabawa, William ya zama malami, William ya yi aure. Na san ka kamar ni na haife ka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yana dai ce maka ɗansa, ko?"

"A'a, sunanka yake faɗa. Ranar farko da ya zo shagona na tambaye shi, Baba, yaya sunan ɗanka na fari? Ni ban san ba a tambayar Bahaushe wannan ba, a wurinmu da sunan ɗan fari ake kiran uba. Ya duba dama, ya duba hagu, ya ga ba mutumin garinku, sai ya faɗa. Tun daga ranar bai daina ba. Wani zuwan ba ya sayen komai."

Godfrey ya sunkuyar da kai. Na tambayi dattijon ko Baba ya taɓa gaya masa dalilin sunan.

"Sau nawa! Ya ce lokacin da aka haife ka ubansa ya kore shi, ba ɗan'uwa, ba mai tsaya masa, yana cikin bukka ruwa yana zuba. Ya ce ya duba gidansa ya ga ba shi da abin kare kai. Sai ya sa maka kwalkwali." Ya nuna magidancin da ya rako shi. "Sunan ya yi mini daɗi, da aka haifi wannan na sa masa."

Magidancin ya durƙusa ya gaishe ni da Hausar Funtua tsantsa, wadda ta fi tawa. Ya ce, "Ina yaro, in Baba ya zo shago sai in ji ya ƙwala kira, William! In taho da gudu in ce ga ni, Baba. Sai ya ce ba komai, je ka yi wasanka. An jima kaɗan ya sake kira."

Mutanen rumfar suka fara cewa Allah sarki, wasu suna dubana suna jiran su ga na samu sauƙi. Ban samu ba. Kishin da na yi wa Godfrey da masu suna Henry duk wasan yara ne a kan wanda ya taso mini a lokacin. Ga wani bawan Allah, ɗan mai kayan keke, ya sha kiran da aka yi domina tun yana yaro, yana amsawa yana komawa wasa, bai ma san abin da ake ba shi ba. Na dubi kunnuwansa, na ji da ana cirewa da na roƙe shi aro.

Na ce masa, "Yaya yake faɗa? Faɗa mini yadda yake faɗa."

Ya gyara murya, ya ja farkon sunan ya sauke ƙarshensa a hankali, yadda Baba yake yi in yana kiran wanda yake so. Bai yi kama sosai ba, amma na gane. Na sa hula na rufe fuskata, kuma a nan ne na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Allah ya ba Baba hutawa. Na rubuta wannan don jikokinsa su san wanda ya cika yankin nan da Albert da Bernard, su san kuma shagon da yake zuwa a Funtua.

Da na share fuska na ɗago, ɗana na fari yana tsaye a bakin rumfar, ya ji komai daga farko har ƙarshe. Ya girma, har ya fi ni tsawo, kuma wanda yake ƙwala masa kira a ƙofar gidan nan ya tafi. Yana dubana kamar yadda na dubi Baba a ɗakin nan. Sunan yana kan harshena, na san ƙotarsa, na san ma'anarsa, na san yadda ake faɗarsa a ƙasa uku. Gwaggo tana leƙowa daga zaure, Alhaji yana zaune, fasto yana zaune. Na buɗe baki.

"Kai," na ce, "kawo wa baƙi ruwa."

Ya ce to, ya juya ya shiga gida.